Riɗi Ya Kusa Kashe 'Yata, Na Ɗora wa Surukina Laifin

Gwaggo Mastura, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kwana tara kacal ya rage mini kuma ba ni da wanda zan iya gaya wa maganar nan a duk garin Kokan. Ko mahaifiyata na kasa gaya mata. Na sauya sunayen mutanen gidanmu, ko da yake na san duk wanda ya taɓa sayen gurasa a layinmu zai gane mu kafin ya kai rabin takardar nan. To, ya gane ɗin, na gaji.

Shekarata takwas da aure. Mijina Elyor mai gyaran wuta ne, kuma shi ne auta a gidansu, don haka mu ne muke zaune a gidan gado tare da mahaifinsa, Baba Tolib. Surukata ta rasu shekara huɗu ke nan. Baba mai gurasa ne, ubansa ma mai gurasa ne, tanderu biyu gare shi a shagon da ke jikin zauren gidanmu. Ba don surukina ba ne, amma a unguwarmu ba a kai gaisuwar aure da gurasar kowa sai tasa. Kuma kin san yadda ake yin ta, sai an barbaɗa mata riɗi har ba ka ganin fuskarta. Buhunan riɗi a gidanmu ba sa yankewa.

'Yarmu ɗaya, Sanobar, shekararta biyar da rabi. Sunan mahaifiyar Baba aka sa mata, shi ya sa bai taɓa kiran ta da sunanta ba, sai dai "Uwata". To wannan yarinya, jikar mai gurasa, Allah ya yi ta jikinta ba ya karɓar riɗi ko ƙwaya ɗaya. In na gaya wa baƙo sai ya yi dariya tukuna, ya ga ban yi ba, sannan ya kama bakinsa.

Farkon abin tana haƙori ne, muka ba ta gefen gurasa ta riƙa gwaguya kamar yadda kowa yake ba ɗansa. Fuskarta ta kumbura, jikinta ya yi ruɗu-ruɗu. Aka ce zafi ne, aka ce baki ne, aka yi ta turara mata hayaƙi har ɗakin ya zama ba ya shiguwa. Na biyu tana shekara biyu, wata baƙuwa ta sa mata alawar riɗi a baki. Wannan karon amai ta yi ta yi, numfashinta yana fita da ƙara. Muka kai ta Tashkent, likita ya yi gwaji ya ce riɗi ne, kuma ya ce ba borin jinin da ake shafa wa magani ba ne, irin wanda yake shaƙe maƙogwaro ne. Ya rubuta mana allurar gaggawa, wadda ake cakawa a cinya. Yayana da yake aiki a ƙasar waje shi yake aiko mana da ita, guda biyu-biyu.

Tun daga ranar rayuwata ta koma gadi. Gurasar Sanobar ni nake gasa mata a murhun gas, da kwanon kwaɓinta daban, da katakonta daban, da wuƙarta da na ɗaura wa jan zare. Baba ba ya shigowa tsakar gida sai ya cire rigar aiki ya wanke hannu da gemu a famfon zaure, ni na kafa wannan dokar kuma sai da aka yi wata guda ana hararata kafin ta zauna. In za mu biki, da abincinta nake tafiya a kwano, saboda shinkafar biki da baƙin man nan na matsa ake dafa ta, kuma ba mai iya gaya maka ko an haɗa da riɗi wajen matsawa. Kowa yana zaune ana cin osh, wato shinkafar bikin, a faranti ɗaya, 'yata tana gefe da ɗan kwanonta. Akwai wata maƙwabciyarmu, Inna Hosiyat, ba ta taɓa ganin kwanon nan ba tare da ta ce, "Sannu likita, yau ma 'yar sarki ba za ta ci abincin talakawa ba?" Ni kuma bakina ba shi da linzami, na sha mayar mata. Ta yi ta yawo da ni cewa matar Elyor ta raina gurasar da ta reni mijinta.

Zan gaya miki laifin Baba, don kada ki ɗauka haka kawai na haukace. Sanobar tana shekara uku, wani abokinsa a majalisar shayi ya ce masa ai irin wannan ba a gudunsa, ana ba yaro kaɗan-kaɗan ne har jiki ya saba. Baba ya ɗauka. Ya faki idona ya gutsura mata ɗan mitsitsin gurasarsa. Muka kwana a asibiti. Da muka dawo ya zo har ƙofar ɗakina, dattijo mai furfura, ya ɗauki gurasa da hannu biyu ya rantse a kanta cewa ba zai sake ba har ya koma ga Allah. Kin san mutanenmu, wanda ya rantse da gurasa ya gama magana. Na ce na yafe. A baki na yafe, amma daga ranar duk sanda na ga ya ɗauke ta, hannunsa nake kallo.

Yanzu ga abin da ya faru. Sati uku da suka wuce, ranar Alhamis bayan la'asar, ina kan keken ɗinki ina haɗa katifun wata amarya. Sanobar tana wasa a ƙofar gida da yaran layi, Baba yana zaune a benci da dattawan unguwa, har da mai unguwa da ladaninmu. Sai ga ta ta shigo tana sosa wuya. Leɓenta ya kumbura ya juye, ta ce "Mama", muryar da na ji ba tata ba ce. Ban san yadda na tashi ba. Na kwantar da ita na caka mata allurar, na kira motar asibiti, na sungume ta na fito ƙofa. A nan cikin haske na ga ƙwayoyin riɗi biyu ko uku manne a gefen bakinta.

Gwaggo, abin da na faɗa a ƙofar nan ina jin kunyar rubuta shi. A gaban mai unguwa, a gaban ladan, a gaban Inna Hosiyat da ta fito da ludayi a hannu, na nuna surukina da yatsa na ce, "Ka sake ba ta ko? Ashe rantsuwarka ta banza ce! Sai ka ga gawarta sannan hankalinka zai kwanta?" Ya miƙe tsaye hularsa ta faɗi, bai ko ɗauka ba, ya ce, "'Yata, wallahi ban ba ta ba." Na ce ƙarya yake. Ni, matar ɗansa, da ban taɓa zama kafin ya zauna ba, na ce wa mutum mai shekara saba'in da ɗaya ƙarya yake, a kan titi.

Kwananmu biyu a asibiti, Allah ya tashi kafaɗarta. Likitan ya ce da na yi jinkirin allurar nan da labari ya sha bamban. Muka dawo muka tarar da wani gida daban. Baba bai ƙara hura tanderu ba. Da farko mata ne suka fara janye jiki, don maganar ta zaga cewa mai gurasa ya rantse da gurasa ya karya, kuma wa zai kai irin wannan gurasar gidan surukai? Daga baya shi da kansa ya rufe shagon. Ba ya zuwa majalisar shayi, masallaci ma sai an tayar da salla yake shiga, ana sallamewa ya fito. Abinci in na kai masa sai ya ce, "Ajiye, 'yata, Allah ya yi albarka," in dawo in tarar ya ci loma uku. Abin da ya fi ci mini rai, in Sanobar ta rugo wajensa sai ya mai da hannayensa baya ya ce, "Je ki wajen mamanki, Uwata." Mutumin da ya yi sati uku bai ko taɓa riɗi ba.

Elyor kuwa da ni ya yarda. Bai yi wa ubansa faɗa ba, ba halinsa ba ne, amma bayan kwana huɗu ya ce ya samo mana gidan haya a bene kusa da tashar jirgin ƙasa. Yayyensa biyu suna ta kira daga Tashkent, babban ya ce masa, "Kai ne auta, a ina ka taɓa jin auta ya bar uba shi kaɗai a gida? So kake a riƙa nuna mu?" Elyor ya ce a nuna ɗin, ya fi a nuna kabarin 'yarsa. Ina jin sa daga kicin, har wani daɗi na ji a lokacin, Allah ya yafe mini. Motar kwashe kaya za ta zo ranar Lahadi ta sama.

To ga inda nake so ki saurare ni da kyau. Kwana shida da dawowarmu, ina yi wa Sanobar wanka, sai ta ce, "Mama, ranar nan Allah ya ba ni lada ko?" Na ce wace rana, ladan me? Sai ta ba ni labari tana murna. Wai ta ga gutsuren gurasa a ƙasa bakin kwata, wani mai keke ya kusa taka shi. Ta ɗauka, ta sumbace shi sau uku, ta ɗora a goshi, ta ɗora a kan katanga don tsuntsaye. Ta ce, "Ban ci ba fa, Mama, ni ba na cin ta waje. Yadda kika koya mini na yi."

Ni na koya mata. Ni ɗin nan mai jan zare a wuƙa. Duk sanda gurasarta ta faɗi a gida nakan ce ta ɗauka ta sumbata ta sa a goshi, gurasa ba ta kwana a ƙasa, haka uwata ta koya mini, haka ke ma na san aka koya miki. Shekara uku ina ce mata kada ki ci, kada ki karɓa, kada ki lasa. Ko sau ɗaya bai taɓa zo mini a rai in ce kada ki sumbata ba. Baba yana can ƙarshen benci yana hira, bai ma ga abin da ta yi ba.

Na zauna a bakin bahon nan. Kuma kin san abin da ya fito daga bakina? Cewa na yi, "Kada ki gaya wa kowa, kin ji? Ko Babanki. Sirrinmu ne ni da ke." Ta ce to. Yarinya ce mai riƙe magana, ba ta faɗa ba har yau. Amma ta rage surutu, kuma shekaranjiya ta tambaye ni ko Kaka fushi yake da ita saboda ta yi rashin lafiya.

Ba zan ɓoye miki ba, ina son barin gidan nan, na daɗe ina so. Ina son in kwana a gidan da ba buhun riɗi a cikinsa, in daina bin ƙasa da tsumma sau uku a rana. Sau nawa na roƙi Elyor ya ce ba zai yiwu ba, yanzu ga shi ya yiwu. In na faɗi gaskiya ba zai tashi ba, kuma ban san da wane ido zai ƙara kallona ba, ya ɓata da 'yan'uwansa a kan maganata. Su Inna Hosiyat kuwa sun samu abin tauna har shekara, za su ce dama mun faɗa, matar nan neman fitina take, daga nan duk dokokin da na sha wuya na kafa su rushe, kowa ya dawo yana tura wa 'yata abu a baki. In kuma na yi shiru, dattijon nan zai mutu da sunan wanda ya karya rantsuwa ya kusa kashe jikarsa, alhali ko kusa da ita bai je ba. Ina haɗa kaya a kwali ina jin tarinsa daga shago. Wani lokaci in ce ai ya taɓa yi, wannan sakayyar wancan ne. Na san ba haka ba ne.

Gwaggo, in bari mu tashi tukuna, in hankali ya kwanta bayan wata biyu ko uku in faɗa? Ko in je wajen Baba shi kaɗai in roƙe shi gafara a ɓoye, ba sai duniya ta ji ba? Ki gaya mini gaskiya, ko mai ɗaci ce.

Taki,
Uwar Yarinya Ɗaya, Kokan

*

'Yata,

Na karanta takardarki sau biyu, kuma zan fara da abin da ke kanki kika manta ki faɗa. Ke kika ceci ran yarinyar nan. Kin gane alamar, kin caka allurar nan take, kin kira mota, ba ki tsaya neman maganin ƙaiƙayi ko ruwan sanyi ba. Uwaye da yawa a wannan minti rikicewa suke yi har lokaci ya wuce. Ki riƙe wannan, don sauran maganata ba mai daɗi ba ce.

Zargin da kika yi wa surukinki ba daga sama ya faɗo ba. Ya taɓa ba ta a ɓoye, ya kai ta asibiti, kuma duk wanda ya ba shi shawarar nan ta kaɗan-kaɗan ya cuce shi. Bari ma in faɗa don masu karatu: yaron da likita ya ce abinci yana shaƙe shi ba a gwada masa a gida, ko da kan allura ne. Uwar da ta ga riɗi a bakin 'yarta tana shiɗewa, ga kuma mutumin da ya taɓa yi yana zaune a wajen, ba zan ce ta yi hauka ba don ta zarge shi. Ihun da kika yi a ƙofa kuskure ne, amma tsoro ne ya sa ki. Shirun da kike yi tun ranar wankan nan kuwa da saninki kike yin sa. Kullum kika wayi gari ba ki faɗa ba, kin sake ce masa maƙaryaci ne.

Don haka amsar tambayoyinki biyu a'a ce. Ba za ki jira ku tashi ba, domin ranar da motar nan ta tsaya a ƙofarku unguwa ta gama yanke hukunci, tashin auta daga gidan ubansa shi ne shaida. Bayan wata uku kuma ba faɗa za ki yi ba, ni da ke mun san haka, kuma mutum mai shekara saba'in da ɗaya da yake cin loma uku a rana ba a yi masa alƙawarin wata uku. Roƙon gafara a ɓoye kuwa ke kaɗai zai sauƙaƙa wa. Na tabbata zai ce ya yafe, zai ma ce ki rufa wa kanki asiri, irinsu haka suke. Amma a kan titi kika ƙwace masa sunansa, a kan titi za ki mayar masa.

A cikin manya ki fara da Elyor, yau, kafin ki ƙara ɗaure kwali ɗaya. Zai ji zafi, mai yiwuwa ya yi kwanaki ba ya kula ki, ki ba shi wannan hakkin, kada ki cika shi da kuka don ya lallashe ki. Daga nan ku je wajen Baba ku biyu, ki durƙusa ki faɗa masa yadda abin ya faru, ba tare da kin tuna masa da na shekara biyu baya ba. Sannan ku roƙi mai unguwa ya tara waɗanda suke benci ranar, a kira Inna Hosiyat ma, tunda ba a rasa ta a komai gara ta ji daga bakinki. Magana uku ta isa: bai ba ta ba, ga abin da ya faru, na zalunce shi. Yayyen mijinki kuma ke za ki kira su, ba shi ba.

Kina tsoron dokokinki za su rushe. Ni a ganina yanzu ne ma za su tsaya da ƙafarsu. Shekara uku mutanen layinku suna ɗauka iyayi kike yi. Yanzu za su ji cewa yarinyar ba ci ta yi ba, sumbata kawai ta yi, ta kwana biyu a asibiti. Duk wanda ya ji wannan ba zai ƙara yi miki ba'a a kan kwanon biki ba. In kika bar ƙaryar a yadda take, abin da unguwa za ta ɗauka shi ne sai an ci ake mutuwa, kuma gobe wata tsohuwa mai kyakkyawar niyya za ta sumbaci 'yarki da bakin da ta gama cin alawa.

Batun tashi daga gida magana ce daban, kuma ba zan ce miki ba ki da hujja ba. Zama da buhunan riɗi a zaure ba ƙaramin aiki ba ne, gajiyarki gaskiya ce. Amma ki lura, tun bayan rantsuwar Baba yarinyar ba ta ƙara faɗuwa a cikin gidan nan ba, a kan titi ta faɗi, kuma kusa da tashar jirgi ma ana yar da gurasa. Ku dakatar da motar. Bayan ƙura ta lafa ku zauna ku uku ku duba: ko a toshe ƙofar da ta haɗa shago da tsakar gida ya zama ta waje ake shiga, ko a fitar da buhunan gaba ɗaya, ko kuma ku tashi ɗin zuwa wani gida a layi ɗaya. Ku tambayi likitanta kafin ku yanke. In za ku tashi, ku tashi da albarkar dattijon, a kan dalili na gaskiya.

Akwai wani abu da na lura da shi a takardarki. Daga farko har ƙarshe ke kaɗai kike gadi, kuma ga alama ke kaɗai kika iya allurar nan. Da a ce ranar Alhamis kin tafi kai ɗinki fa? Ki sa likita ko nas ta nuna wa Elyor da Baba yadda ake yi, su maimaita har hannunsu ya faɗa, su san ana kwantar da ita, a caka, a kira mota ko da ta ga kamar ta warke. Ki riƙa duba ranar lalacewar allurar. Ke tela ce, ki ɗinka mata 'yar jaka mai takarda a ciki da sunan abin da ba ta ci da lambar wayarku, ta riƙa bin ta duk inda za ta. Makaranta tana tafe, ki je ki ga malamarta tun kafin a buɗe. Wanda duk kika koya wa abin nan ya zama naki, ya daina ganin ki a matsayin mai kafa doka.

Gurasar ƙasa kuwa, kada ki ce wa yarinya abin da ta yi laifi ne, ba laifi ba ne, tarbiyya ce ta nuna. Ku sauya mata hanya kawai. In ta ga gurasa a ƙasa ba za ta taɓa ba, za ta tsaya a wajen ta hana a taka, ta kira babba ya ɗauke. Ladanta yana nan. Kuma da ni ce ke, Baba zan roƙa ya koya mata wannan, don in mai gurasa da kansa ya ce haka za a yi, ba wanda zai ce an raina gurasa.

Na bar mafi nauyi a ƙarshe, kuma shi ne dalilin da ya sa na ce yau. Ran yarinyar nan, daga yanzu har ta tsufa, a kan abu ɗaya ya rataya: in wani abu ya taɓa bakinta, ta faɗa nan take, ga duk babban da yake kusa, ba tsoro ba kunya. Allura ba ta da amfani in ba a san an ci ba. Ranar wankan nan ta zo miki da gaskiya tana murna, ke kuma kika koya mata cewa irin wannan magana ɓoye ta ake yi. Kin ce tana da riƙe magana. Wata rana a makaranta ƙawa za ta miƙa mata wani abu, ta ɗanɗana, wuyanta ya fara ƙaiƙayi, ta tuna cewa Mama ba ta so a faɗa, ta koma bayan aji ta zauna shiru. Wannan ya fi duk buhunan da ke zaurenku hatsari, kuma ba gidan hayar da zai raba ki da shi.

Saboda haka kafin Elyor, kafin Baba, ki ɗora ta a cinya ki ce mata Mama ta yi kuskure, babu wani sirri, ta kyauta da ta faɗa, kuma Kaka bai taɓa fushi da ita ba. Shekararta biyar da rabi, ba ita ya kamata ta ɗauki kunyarki ba.

Allah ya ƙara wa Sanobar lafiya ya raya ta, ya sanyaya zuciyar Baba Tolib, ke kuma ya ba ki ƙarfin halin buɗe baki.

Gwaggo Mastura